Rami ko Gurbi? Sunan da Ya Dace da Tabon Fuskar Wata

A Andarai, kamar sauran garuruwan ƙasar Kabi, babu wanda tsayuwar wata ke shige wa duhu. Amma idan ɗalibi ya tambayi sunan tabon da ke fuskar watan, sai malami ya ce "ramuka", ya wuce. A ganina, wannan fassara tana ɓoye ilimin da ya kamata ta bayyana.

Rami haƙa shi ake yi, sannu a hankali. Tabon wata kuwa karo ne ya haife shi. Dutse daga sararin samaniya yakan afko da gudun kimanin kilomita 20 a daƙiƙa guda, ya tarwatse, ƙasa ta fashe ta watsu, a bar kwarin da ya ninka dutsen faɗi sau goma ko fiye, da tudu kewaye da bakinsa. Haka Tycho ya samu, mai faɗin kilomita 85, kuma yau kimanin shekara miliyan 108 ke nan yana nan sarai.

Me ya hana shi shafewa? Kududdufin da aka ɗebi ƙasar gini a Andarai, damina kaɗan ke sauya masa kama. Wata kuwa ba shi da iska, ba shi da ruwan sama. Ƙananan duwatsu ne kawai ke goge shi a hankali. A duniyarmu, Bosumtwi na ƙasar Gana, wanda karo ya haifa shekara miliyan ɗaya kacal da ta wuce, tuni ya zama tafki. Dutsen da ya faɗo Zagami ta ƙasar Katsina a 1962, mai nauyin kilo 18, iska ta rage masa ƙarfi, bai bar wani babban tabo ba.

Saboda haka nake ba da shawarar "gurbin karo". Gurbi shi ne alamar da abu ya bari bayan ya gushe, shi ya sa Bahaushe ya ce gurbin ido ba ido ba ne. Wasu za su ce aron kalmar Turanci ya fi sauƙi. Gaskiya ne, sai dai kalmar aro ba ta gaya wa ɗalibi sanadi, wannan kuwa tana ɗauke da sanadin a cikinta.

Ya kamata masana Hausa su zauna da malaman kimiyya na jami'ar Aliero su tantance irin waɗannan kalmomi, tun kafin littattafan makaranta su kafa kuskuren da zai yi wuyar tumɓukewa.