A Koyi Darasi Daga Manoman Maradi

Malam Edita,

Ina neman fili a wannan jarida mai farin jini in yi tsokaci kan ayyukan raya karkara. Duk damina ana kashe maƙudan kuɗi wajen bikin dashen itatuwa. A ƙauyenmu an dasa darbejiya, manyan baƙi suka ɗauki hoto suka tafi. Kafin bazara awaki sun cinye rabi, ƙishirwa ta kashe saura.

A Maradi da Damagaram kuwa, tun shekarun 1980 manoma suka rungumi sassaben zamani. Manomi ba ya tumɓuke kututturen gawo ko kalgo a gonarsa, sai ya bar tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, ya sassabe saura. An ƙiyasta hekta kusan miliyan 5 sun farfaɗo ta wannan hanya. Gawo na kaɗe ganyensa da damina, ba ya tare wa gero rana, ƙasa ta sami taki, dabbobi su ci 'ya'yansa da rani.

Roƙona ga hukumomi da ƙungiyoyin agaji shi ne su tura malaman gona su yaɗa wannan dabara, a kuma bar wa manomi ikon itacen da ya raina.

Naku,
Mai karatu daga Jihar Katsina