Ko An Sa Mata Kwat Da Laktaye, Caca Dai Caca Ce

Akwai wata magana da ta fara yawa a bakin 'yan'uwanmu ɗalibai, tun daga ɗakunan kwana har gidajen kallon ƙwallo na garin Dutsin-Ma, kuma ina ganin lokaci ya yi da za a tare ta kafin ta zama gaskiya saboda yawan maimaitawa. Maganar ita ce wai caca iri biyu ce. Akwai ta jahilai, watau ta 'yan karta da ke ɓuya a bayan kasuwa, sa'an nan akwai ta masu ilmi, wadda wai ba caca ba ce, lissafi ne da basira. Masu wannan ra'ayi in ka matsa musu sai su zaro waya su nuna maka hoton wani Bature, ma'aikacin ofis, wanda ya ɗauki hutu ya hau jirgi zuwa birnin Las Begas na Amurka don ya shiga gasar kartar nan da ake kira foka. Ga ɗaki mai sanyi, ga tebur mai koren ƙyalle, ga mutane cikin natsuwa kamar masu jarrabawa. Sai su ce maka, "To Malam, wannan ma ɗan caca ne?"

I, ɗan caca ne. Bari mu bi shi har can mu gani, tun da su suka kawo shi shaida.

Las Begas gari ne a tsakiyar hamada, cikin Jihar Nebada, wadda ta halatta caca a dokarta tun 1931. A nan ne wani mai gidan caca, Benny Binion, ya fara tara gwanayen foka a 1970, abin da ya zama babbar gasar foka ta duniya da ake yi kowace shekara. Kuɗin shiga babban zagayen gasar Dala 10,000 ne, wanda a canjin 2025 ya kai wajen Naira miliyan 15. A 2023 mutum 10,043 suka biya suka zauna. Mai karatu, ɗauki alƙalami. Abin da aka tara ya ɗan haura Dala miliyan 100, amma abin da aka raba wa 'yan wasa Dala miliyan 93 da 'yan kai ne. Sauran miliyan 7 fa? La'adar masu gida ce da ma'aikatansu, kuma an cire ta tun kafin a raba kati ko ɗaya. Cikin mutum dubu goma ɗin nan kuwa, kimanin 1,500 ne kawai suka fita da wani abu. Sauran 8,500 sun koma gida da kuɗin jirgi da na masauki a wuyansu, ban da Dala 10,000 da suka bari a kan koren ƙyalle. Wanda ya zo na ɗaya, Daniel Weinman, ya ɗauki miliyan 12 da ɗoriya, kuma hotonsa kaɗai duniya ta gani. Ba a taɓa ɗaukar hoton mutum 8,500 suna jiran jirgi a filin sauka da tashi ba.

Yadda taron ya kumbura har ya kai haka shi ma abin lura ne. A 2003 mutum 839 ne kacal suka shiga. A shekarar ne wani akawu mai suna Chris Moneymaker, wanda ba sana'arsa ke nan ba, ya sami kujera ta hanyar wata ƙaramar gasa a intanet da bai kashe Dala 100 a kanta ba, ya kuma cinye Dala miliyan biyu da rabi. Shekara uku bayan haka, a 2006, masu shiga sun kai 8,773. Watau sa'ar mutum ɗaya ta jawo dubbai, kowa yana cewa in akawu ya iya, ni me zai hana? Masu gidajen caca ba su taɓa samun talla mai arha irin wannan ba. Wannan kuwa ita ce dai dabarar da ake yi mana a nan: a yi ta yawo da labarin wani yaro, wanda kullum a wani gari yake, da ya sa Naira 100 ya ci miliyan.

Yanzu sai batun basira, wanda shi ne ƙashin bayan hujjarsu. Ba na musun cewa foka tana da gwaninta. Tana da ita ƙwarai. Wanda ya san lissafin kati, ya iya karanta fuskar abokin wasa, ya iya danne zuciyarsa, zai rinjayi wanda bai iya ba in aka daɗe ana yi. Amma 'yan'uwa, ku dubi inda wannan gaskiyar ta kai ku. In akwai gwani, to abincin gwani daga ina yake fitowa? Ba a noma kuɗi a kan tebur. Duk Dalar da gwani ya sa aljihu daga aljihun ɗan hutun nan ta fito. Su kansu gwanayen suna da sunan da suke kiran irinsa da shi a harshensu: kifi. Duk wanda ya taɓa zuwa madatsar ruwa ta Zobe ya ga masunta ya san cewa su ma sana'a ce mai gwaninta, amma ban taɓa jin tarwaɗa tana alfahari da haka ba. Kai kuwa da kake nuna mana hoton, a wane gefen komar kake?

Ko gwanin ma ba tsira ya yi ba. Stu Ungar ya ci wannan babbar gasa har sau uku, a 1980 da 1981 da 1997, kuma masana wasan da yawa suna sa shi cikin waɗanda ba a taɓa yin kamarsu ba. A 1998, shekara guda bayan cinsa na ƙarshe, aka tsinci gawarsa a wani ɗakin haya mai arha a Las Begas, miliyoyin duk sun bi ruwa ta hanyar wasu cacar da miyagun ƙwayoyi.

Duk wannan ma na yi musu adalci ne da yawa, domin abin da ake yi a Dutsin-Ma da Kurfi ba foka ba ne. Ana ara rigar foka ne a yafa wa cacar ƙwallo ta waya, wadda ba ta da ko rabin gwanintar waccan. A foka aƙalla da mutum irinka kake karawa. A cacar ƙwallo da kamfani kake karawa, kuma shi ya rubuta farashin. Ga yadda abin yake, ba sai an je sashen lissafi ba. A ce wasa ne da ɓangarorin biyu suke kunnen doki, kamar a jefa kwabo sama. Adalci shi ne in ka sa Naira 100 ka ci, a ba ka 200. Kamfani ba zai ba ka 200 ba, sai ya ce 190. Ka ga kamar ba kome, Naira goma ce. To amma wa ke tsayawa a wasa ɗaya? Ɗan'uwanmu mai basira sai ya jera wasa goma a takarda guda, don Naira ɗarinsa ta haihu da yawa. Damar ya dace a duka goman ita ce ɗaya cikin 1,024. Da adalci ake yi, ranar da ya dace sai a ba shi Naira 102,400. Abin da za a ba shi kimanin 61,300 ne kawai. Kashi 40 cikin ɗari ya tafi tun bai ci ba, sau 1,023 kuwa ba ya ganin ko kwabo. Daga nan ne ake samun kukan nan da kowa ya sani a gidan kallo, wai "wasa ɗaya ne ya yanke mini." Ai an gina takardar ne don wasa ɗaya ya yanke. Wanda wasa tara suka zo masa daidai, gobe da sassafe zai dawo, yana ganin saura ƙiris. Ana yi wa rogo kallon kitse.

Malamanmu na addini sun sha gaya mana hukunci, kuma ayoyin suna nan a Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida, ba ni ne zan koya wa kowa su ba. Abin da nake so in jawo hankali gare shi shi ne irin cacar da aka saukar da hukuncin a kanta. Larabawan Jahiliyya raƙumi suke yankawa, su zuba kibau goma a jaka, bakwai masu rabo, uku babu kome. Waɗanda suka zaro ukun nan su ke biyan kuɗin raƙumi, naman kuma sau da yawa matalauta ake bai wa. Ku duba fa: bakwai cikin goma suna ci, babu kamfani mai yankar la'ada, ga kuma sadaka a ƙarshe, amma duk da haka aka haramta. To ina ga wadda ɗaya cikin dubu ke ci, ribar kuma ta tafi Ikko ko ƙasashen waje?

Wani zai ce, "Kuɗina ne, nishaɗi nake saye." A nan ne ma Baturen nasu ya fi su gaskiya. Shi yana da albashi, ya ware abin da zai iya asara, ya san hutu ya je, in ya dawo aikinsa na jiransa. Kai kuɗin wa kake sawa? Mu faɗa wa juna gaskiya. Kuɗin rajista ne da aka sayar da buhun gero ko tunkiyar Inna aka haɗa, a ƙasar da shekarun nan 'yan bindiga suka hana manoma da yawa zuwa gonakinsu na nesa, a Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari. Ko kuwa Naira 20,000 ɗin nan ce ta wata-wata ta asusun bashin ɗalibai da aka fara a 2024, wadda bashi ce, za a biya ta wata rana. Mutum ya ci bashi ya kai wa kamfani, sa'an nan ya kira abin nishaɗi! Wani kuma ya ce rashin aikin yi ne. Na yarda babu aiki, wannan ba ƙarya ba ne. Amma ban ga yadda mai ƙishirwa zai huda tulunsa don ruwa ya yi kaɗan ba.

Ni a matsayina na ɗalibin Hausa, abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka ci mu da yaƙi ta wajen suna. Bahaushe ya san caca tun ana yin ta da wuri, kafin kati ya zo, kuma ya san inda ya ajiye mai yin ta. A dā 'yan caca sai a gefen kasuwa ko wajen kalankuwa bayan kaka, kuma ko an yi sha'awar bakinsu da kirarinsu, ba wanda zai ɗauki 'yarsa ya ba su, ba mai kiran su shaidar ciniki. Kalmar "ɗan caca" ita kanta katanga ce. Yau an rushe katangar ba tare da an taɓa ta ba, an dai canza suna kurum. Yaro ba ya cewa zai yi caca, sai ya ce zai "buga gem", ko zai "yi bet", ko yana "hasashe". Da bakin Turanci abin ya zama wayewa, har mai sallah a sahun gaba yana iya yi bai ji kunya ba. Haka aka yi da cacar ful ta ƙwallon Ingila a zamanin iyayenmu, haka aka yi da na'urar kalo-kalo har gwamnatin soja ta hana ta da doka a 1977. Kowane zamani da sabuwar rigar da ake ɗinka mata. Mu da muke zaune muna gardama a kan ko "jami'a" ko "jami'ah" za a rubuta, ga aikin harshe na gaske a gabanmu mun kau da kai.

Hukuma ma ba ta fita ba. Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun 2000, ga kuma hukumar Hisba. A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce sha'anin caca na jihohi ne. Saboda haka tsohon uzurin nan na cewa lasin daga Abuja yake ya faɗi. A Kano an rufe shagunan cacar ƙwallo da dama a wannan shekarar. To amma rufe shago shi ne mafi sauƙin aikin, kamar yadda kama tsoho da kati a gindin bedi ya fi kome sauƙi. Shagon na gaske yana cikin aljihun kowane ɗalibi, a buɗe dare da rana, ba ƙofa balle a garƙame. Abin da ban gane ba shi ne yadda za a kori mai kartar Naira hamsin a kasuwar Kurfi, alhali tallar cacar miliyoyi tana manne a ƙirjin 'yan wasan da yaranmu ke kallo kowace Asabar. Su kansu ƙungiyoyin Firimiya na Ingila sun amince tun 2023 su cire sunayen kamfanonin caca daga gaban rigunansu bayan kakar 2025/26. Masu abin sun fara jin kunyarsa, mu 'yan karɓa muna kare shi da sunan ilmi.

Ga malamanmu kuwa, da ladabi nake cewa shirunku ya yi yawa. Jami'ar Tarayya tana garin nan tun 2011, ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, duk da malaman lissafi da na tattalin arziki. Lissafin da na yi a sama bai fi minti goma a allo ba. Me zai hana a yi shi a makon karɓar sababbin ɗalibai, da Hausa, yadda kowa zai ji? Wa'azi yana gaya wa yaro haramun ne, shi kuma ya riga ya sani. Abin da bai sani ba shi ne ana yi masa wayo, matashi kuwa ya fi tsoron a ce masa wawa da a ce masa mai zunubi.

Masu cewa tasu basira ce, ga fili ga mai doki. Kowace manhajar caca tana ajiye tarihin abin da mutum ya zuba da abin da ya cira. Ina roƙon shugabannin wannan ƙungiya su ware zama guda a zangon karatu mai zuwa. Duk wanda ya yarda da gwanintarsa ya zo da lissafin wata shida cikakke, ba hoton ranar da ya ci kaɗai ba, a rufe sunansa in yana so, mu tara a allo mu debe a gaban kowa. Ni zan kawo alli.