Kyandir Ba Ya Maganin Sanyi

Duk shekara da zarar hunturu ya kankama, wutar lantarki kuma ta yi ɓatan dabo kamar yadda ta saba, sai ka ga masu tireda sun jero kwalayen kyandir a gaba-gaba. Wannan ba laifin talaka ba ne. Tun da aka janye tallafin kananzir a 2016 fitilar ƙwai da aci-bal-bal suka koma ƙarƙashin gado. NEPA ta zama PHCN a 2005, aka sayar wa 'yan kasuwa a 2013, suna ya canza amma duhu yana nan inda yake. Kai, a watan Oktoban 2024 ma sai da akasarin jihohin Arewa suka haura mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna.

To amma abin da ya kamata a ja hankalin 'yan'uwa matasa a kansa shi ne wata dabara da ake yayatawa, wai a kunna kyandir uku ko huɗu a kife tukunyar ƙasa a kansu, wai sai ɗaki ya ɗume. Abin ya yi tashe a Turai a 2022 lokacin da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo a can, har sai da 'yan kwana-kwanan Ingila suka fito suka gargaɗi jama'a. Ashe abin da masu shi suka ce a guje shi ne za a ɗauko a kai cikin shagon samari?

Lissafin a fili yake. Zafin da kyandir guda ke fitarwa bai wuce wat 80 ba, alhali ƙaramar hita ta lantarki wat 1,000 take ci. Ke nan sai an kunna kyandir goma sha biyu ko fi kafin a kamo ta. Ita tukunya ba ta haifar da zafi, tara shi kawai take yi wuri guda, mai taɓawa ya ji ta yi zau ya ɗauka ɗaki ne ya ɗumama. Abin mamaki ma, jikin mutum guda da ke zaune yana fitar da ɗumin da ya kai na kyandir ɗin. Samari huɗu a shago, kowa da bargonsa, an toshe kafar taga da tsumma, sun fi kyandir huɗu ɗuma ɗaki, kuma ko kwabo ba a kashe ba.

Haɗarin kuwa ba ƙarami ba ne. Kakin kyandir daga ɗanyen man fetur ake samo shi. In aka cusa da yawa wuri guda ƙarƙashin tukunya, kakin kan narke ya yi zafin da zai kama gaba ɗaya, kuma wanda ya watsa masa ruwa ya ƙara wa wutar fuka-fuki, tamkar man gyaɗa a kasko. A dubi abin da ke cikin shagon saurayi: katifar soso, gidan sauro, labule, littattafai, wani ma har da galan ɗin man babur a bayan ƙofa. Ga iskar hunturu ta busar da komai ƙayau. Hayaƙin soso kan sumar da mai barci tun kafin harshen wuta ya iso gare shi. Wanda kuma ya ga kyandir ya kasa, ya shigo da kaskon gawayi ya rufe ƙofa da taga, wannan ya gayyato iskar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ke kashe mutum yana kwance.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya taɓa ƙonewa da mutanensa cikin dare a Madina, da labari ya isa ga Manzon Allah (SAW) sai ya yi umarnin a riƙa kashe wuta in za a kwanta. A wata ruwayar har an ambaci ɓera, wanda kan ja lagwani ya cinna wa gida. Ɓerayen nan ba su ƙare ba, kuma suna cin kakin kyandir.

Wanda dole ta sa shi kunna kyandir don muraja'a ko karatun jarrabawa, to kada ya ɗiga kaki ya manna shi a kan kujerar roba, ko akwati, ko bangon littafi. Ya kafa shi cikin gwangwanin da aka cika da yashi, a ƙasa, nesa da gado da labule, ashana kuma a aljihunsa ba hannun ƙannensa ba. In ya ji gyangyaɗi ya fara ɗibarsa ya hure shi nan take, ko da saura shafi guda. Su kuma waɗanda suke kwana shago ɗaya, kuɗin kyandir na 'yan watanni in suka yi karo-karo ya isa sayen ƙaramar fitilar sola, wadda za a shanya a rana da safe ta kai su har bayan sallar Asuba.