Mota Da Direba: Ɗan Gwangwanin Da Kanikawa Ke Rainawa

Yau zan yi magana ne a kan wani ɗan abu da ke maƙale a jikin distiribita, wanda girmansa bai wuce ƙaramin gwangwanin tumatir ba, amma toshe shi ya kusa raba ni da motar da na gada daga mahaifina.

Motar kuwa Volkswagen Beetle ce, wadda 'yan'uwanmu Yarbawa suke kira Ijapa, watau kunkuru, irin wadda aka fara haɗawa a Ojo ta Ikko a 1975. Tun 2003 aka daina ƙera ta, sa'ad da ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla ta ƙasar Meziko. Saboda haka duk wanda injinsa ya ƙone yau, sai ya sha yawo kafin ya sami madadinsa.

Watanni kaɗan da suka wuce na kai ta wurin wani bakanike domin ya sake mini fulogi. Da ya gama, sai na ga ya zare siririn bututun da ya taso daga kafireta zuwa wannan gwangwani, ya cusa ƙusa ya toshe shi. Na ce, "Malam, wannan fa?" Ya ce, "Yallaɓai, ai ado ne kawai, ba ya aikin kome." Sa'an nan ya kwance distiribita, ya yi ta murɗa ta yana kasa kunne, har inji ya ɗauki ƙara mai daɗin ji, ya ɗaure. Ban kai Zariya daga Kaduna ba sai da na fara jin wani ƙyal-ƙyal daga baya, kamar an zuba tsakuwa a cikin kwano, ga kuma warin ƙarfe mai zafi. Allah ya sa na tsaya. Wani dattijon bakanike da ya duba ta ya ce, "Ɗana, da ka ƙarasa Kano a haka, da fistin ya huje." Shi ne ya zaunar da ni ya warware mini al'amarin.

Asalin maganar shi ne, fetur da iskar da ke cikin silinda ba sa ƙonewa farat ɗaya. Wutar tana bukatar ɗan lokaci kafin ta game ko'ina. Don haka dole fulogi ya ba da tartsatsi tun fistin bai kai ƙololuwa ba, domin ƙarfin ƙunar ya riske shi daidai lokacin da ya fara gangarowa. Wannan gabatar da wuta shi ne kanikawa ke kira tayimin, kuma da digiri ake auna shi a jikin fuli. To, a lura da wannan lissafi. Injin da ke juyi 900 a minti yana cin digiri 5 da ɗoriya a cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, alhali kuwa in ya kai juyi 3,000 sai ya ci digiri 18 a daidai wannan ɗan lokaci. Ashe ke nan gwargwadon saurin inji, gwargwadon yadda wuta za ta riga shi. Wannan aiki wasu ƙarafa biyu ne masu nauyi a cikin distiribita suke yin sa, suna buɗewa in gudu ya ƙaru, sifirin yana mayar da su in ya ragu.

Amma ƙarafan nan gudu kaɗai suka sani, ba su san nauyin aikin da inji ke yi ba. Mota tana iya yin juyi 3,000 tana tafe a miƙaƙƙiyar hanya, ƙafar direba ba ta ko danna totur sosai ba; tana kuma iya yin wannan juyi tana hawan tudu da mutum biyar da buhun masara. A hali na farko abincin da ke shiga silinda kaɗan ne, yana kuma ci a hankali kamar ɗanyen itace, don haka yana son a ƙyasta masa wuta da wuri. A hali na biyu silinda cike take maƙil, ƙuna tana da sauri, in aka gabatar da wuta da yawa sai ta bugi fistin yana kan hawa. Wannan bugu shi ne ƙyal-ƙyal ɗin da na ji.

A nan ne gwangwanin namu ya shigo. A cikinsa akwai wani tantani na roba. Sa'ad da totur yake ɗan buɗe, inji yana tsotson iska da ƙarfi ta ƙuntatacciyar ƙofa, sai wannan tsotso ya bi bututu ya ja tantanin, shi kuma ya ja faifan da kwantak ke kai, wuta ta ƙara gabata da wajen digiri goma. Da zarar an take totur har ƙasa, tsotso ya ɓace, ƙarin ya janye da kansa. Ribar wannan ita ce ƙarancin shan mai, da kuma rashin shaƙewar nan da mota kan yi in an tashi daga tsaye. Wanda ya toshe gwangwani kuwa, sai ya ga mota ta yi sanyi, sai ya rama ta hanyar murɗa distiribita gaba ɗaya. Da haka sai ya ɗora wa inji ƙarin wutar a kowane hali, har da kan tudu inda ba a son ta. Kuma kada a manta Beetle ba ta da lagireto, iska ce ke sanyaya ta, ba ta kuma da allurar da za ta gaya maka zafi ya yi yawa.

Ga yadda dattijon ya yi aikin a gabana. Tun inji yana da sanyi ya daidaita bawul a kan milimita 0.15, sa'an nan bakin kwantak a kan milimita 0.4. Ya ce kullum kwantak ake fara gyarawa, domin kowane canji a bakinsa yana gusar da tayimin. Daga nan ya sa bututun a baki ya tsotsa, muka ga faifan ya motsa. Ya toshe da harshe, faifan ya tsaya bai koma ba. Da ya koma, da mun san tantani ya yage.

Bayan inji ya ɗumama, ya cire bututun daga gwangwani, ya toshe ɓangaren kafireta na ɗan lokaci, ya maƙala fitilar tayimin a wayar fulogi na ɗaya, watau na gaba a hannun dama. Ya sassauta noti mai lamba 10 da ke riƙe da distiribita. Inji yana silo, ya juya ta sannu-sannu har alamar digiri 7.5 ta fuli ta zo daidai da layin da ya raba gangar inji biyu. Juyawa hagu, saɓanin hannun agogo, yana gabatar da wuta. Juyawa dama yana jinkirta ta. Amma bai tsaya nan ba, a ganina ma nan ne ainihin gwanintar. Ya sa na taka totur har inji ya haura juyi 3,000, ya ci gaba da haskawa har alamar ta daina tafiya, ya tabbatar ta tsaya tsakanin digiri 28 da 30. A fulin asali, wannan wuri yana wajen milimita 46 a dama da alamar ƙololuwa. Lamba ta silo ana iya yi mata sassauci, amma wannan ta sama ita ce ke kashe inji. Sai da ya gamsu sa'an nan ya ɗaure noti, ya mayar da bututu.

Sai dai a yi hattara, waɗannan lambobi na distiribitar Bosch ce mai gwangwani da ƙarafa a haɗe, wadda lambarta ta ƙare da 034. Akwai mai bututu biyu, akwai kuma ta tsofaffin motoci mai aiki da tsotso kaɗai, kowacce da nata ma'auni, don haka a karanta lambar da ke jiki tukuna. Ita kuwa 009 da ta yi suna, ba ta da gwangwani sam. In aka haɗa ta da kafireta Solex 34 PICT-3, shaƙewar tashi ba ta rabuwa da mota. Ni dai ba na ba mai tafiyar yau da kullum shawarar sa ta.

Abu na ƙarshe da dattijon ya nuna mini shi ne lanƙwasar da ke jikin bututun asali, wanda na ƙarfe ne, yana yin sama kafin ya sauko kan gwangwani. Ita ce ke hana fetur gangarawa ya cinye tantani. Nawa an riga an musanya shi da miƙaƙƙen tiyo, sai da ya tona tsohon akwatinsa ya samo mini wani, ya ƙi karɓar ko kwabo a kansa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba daidaita silo a kafiretar Fijo 504.