Mun Yi Arba'in Ɗin Inna, Amma Wa Ya Riƙe Labarinta?



Da farko, a madadin iyalanmu, ina godiya ga duk wanda ya halarci jana'izar mahaifiyarmu, da waɗanda suka tako har gida, da waɗanda suka bugo waya daga Legas, Shagamu da Arewa. Allah ya bar zumunci. Ita kuma Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta.

Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun ranar sadakar uku, kuma na ga nan ne ya dace in faɗe ta, don ba gidanmu kaɗai ta shafa ba.

Muna zaune a tsakar gida wata jikarta 'yar sakandare ta ce, "Baba, wai Inna 'yar wane gari ce?" Mu huɗu ne 'ya'yanta a wurin, amsa uku muka bayar. Yarinyar ta sake tambayar sunan mahaifiyar Inna, sai kowa ya yi shiru. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Matar nan ta sauka Ibadan tana amarya, a jirgin ƙasa, tun kafin a samu 'yancin kai a 1960. Ko "sannu" ba ta iya da Yarbanci ba, amma ta rasu tana yi mana gyara idan muka karkace harshe. Mahaifinmu fataucin goro yake yi, wata ɗaya yana gida, wata biyu yana hanya. Ita tana cikin kulle, amma daga tukunyarta aka biya kuɗin makarantarmu: koko da ƙosai da safe, tuwo da dare, yara na kai talla. Baƙon da ya sauko daga Arewa bai san kowa ba, a zaurenmu yake kwana, kwanonsa na fita tare da namu har ya samu abin yi. Ita ce uwar adashi shekara da shekaru ba tare da littafi ba, kuma ba a taɓa jin kwabo ya yi ciwon kai ba. Ta karɓi haihuwa, ta yi wankan jego, ta yi wa mata wankan gawa. Lokacin rikicin kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, tana dogara sanda ta sa aka ɗora babbar tukunya saboda mata da yaran da suka gudo. Wata ƙawarta Bayarabiya kuma ta ratso gari a wannan hali don kawai ta ga lafiyarta.

Kowane gida a Sabo yana da irin wannan uwa, ko ya taɓa yi. Unguwar nan tun 1916 aka kafa ta. Ka tambayi dattawa, za su lissafo maka sarakuna da malamai da manyan dillalan shanu da na goro. Ka ce su kawo sunan mace biyar cikin waɗanda suka ciyar da waɗannan mutane, sai a fara sosa ƙeya. Bature Abner Cohen ya zauna a Sabo, ya fitar da littafi a kanmu a 1969, har ya yi bayanin sana'ar matan kulle da yadda suke tara dukiyarsu a kwanuka. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ta rubuta rayuwarta daga bakinta, littafin ya fito a 1954, har yau ana karanta shi a jami'o'i. Ita da alƙalami da takarda ta yi. Mu kowa da wayar da ke ɗaukar murya a aljihu, amma na shekara hamsin da wani abu kusa da Inna ban ɗauki ko minti goma ba. Laifin nawa ne kafin na kowa.

To me muka yi maimakon haka? Anko muka fitar. An kafa rumfa, an yi hayar kujeru, an buga hotonta a jikin robobi da kalanda. Ni ma na zuba kuɗina, ba zan wanke kaina ba. Wannan tsari a wajen maƙwabtanmu Yarabawa muka gan shi, kuma su al'adarsu ce mai ma'ana a wurinsu: tsohon da ya cika kwanansa ya bar 'ya'ya da jikoki, biki ake yi masa. Mu kuwa kashe kuɗin muka ɗauko, har wani ya ci bashi don kada a ce gidansu ya gaza.

Ba na shiga saɓanin malamai a kan uku da bakwai da arba'in, ba fagena ba ne. Na kuma yarda da masu cewa ciyarwa sadaka ce, kuma taron yana haɗa dangin da suka watsu. Gaskiya ne, na ga 'yan uwan da rabona da su shekara goma. Sai dai ga abin da ya dame ni. Inna tana da ƙawaye biyu da suka rage a raye, ɗaya idonta ya tafi, tana zaune a ɗakin da ke yoyo. Kullum da azahar kwano yana fita daga gidanmu zuwa wurinta. Tun ranar da aka ɗauki Inna kwanon ya tsaya, ba wanda ya tuna, har da ni. Muna can muna rabon robobi masu hotonta.

Don haka ina roƙon shugabannin ƙungiya su saka abu biyu a taro na gaba. Na farko, a zaɓi 'yan mata masu natsuwa, don tsohuwa ba za ta saki jiki da namiji ba, su riƙa zagaya iyayenmu mata da izininsu suna ɗaukar labarinsu da Hausarsu: garin da suka fito, sunayen iyayensu, yadda suka samu Sabo, wa ya riƙe wa. A ba iyalai nasu, ƙungiya ta ajiye nata. Na biyu, duk gidan da aka yi rashin uwa, kafin a yanki anko a tambaya: su wa take ciyarwa, wa take biya wa magani? A ware wannan tukuna.

Ranar Juma'ar da ta wuce na ɗauki kwanon da kaina na kai wa ƙawar tata, na kunna waya da izininta. Cikin minti biyar ta faɗa mini sunan ƙauyen Inna a ƙasar Rano, da sunan mahaifiyarta. Cikinmu huɗu ba wanda ya faɗi daidai. Ta ce in dawo bayan la'asar in taho mata da goro fari, don ba ta ma fara ba ni labarin ranar da suka haɗu a tashar jirgi ba.