Kada Mu Kori 'Ya'yanmu Daga Gida

Malam Edita,

Ka ba ni fili in taɓo abin da muke yi wa shiru a ƙauyukan Kankiya da Kusada. Akwai yaran da ake kira 'yan daudu saboda muryarsu ko tafiyarsu, akwai kuma matasa, maza da mata, da ke cikin ruɗani game da sha'awarsu, ba su da wanda za su faɗa wa. Abin da suke samu shi ne zunɗe, duka da kora. Wanda aka kora yakan ƙare a tashar mota a Kano, a hannun 'yan ƙwaya da masu cin zarafi. Wani har yakan yi tunanin kashe kansa.

Ko dokar 2014 da ta haramta auren jinsi ba ta ba kowa izinin dukan yaro ba.

Ina roƙon iyaye, limamai da malaman makaranta su saurari yaran nan a keɓe, su rufa musu asiri, su hana a wulaƙanta su. Idan baƙin ciki ya yi wa yaro yawa, a raka shi wurin likita. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Wassalam.

Wani malamin makaranta,
Kaikai, jihar Katsina