Kafin ku ba shi makullin majami'a, ku tambayi mai butiki

Ƴan uwana ɗalibai, na san mafi yawan masu karanta wanga ɗan littafi Musulmi ne, kuma wani zai ce mi ya haɗa shi da zancen coci. Ka daure ka karanta. In ka cire sunan fasto ka sa na shugaban ƙungiyar ɗalibai ko na ma'ajin masallacinku, za ka ji kamar a unguwarku abin ya faru. Ni dai Kirista ne, haifaffen ƙasar Maraɗi, kuma da ƴan gidanmu nike wagga rigima.

Bara ikkilisiyarmu ta nemi ma'aikaci wanda zai riƙe matasa ya kuma taimaki fasto. Mutum biyu suka nema. Na farko ɗan wani dattijon ikkilisiya ne, ya yi karatu waje, ya dawo da kwat da diplom da faransanci kamar ruwa, in ya kama wa'azi har lasifika na rawa. Na biyu mai bishara ne, ya shekara tara a wani ƙauye yana noma da rana yana koyar da karatu da dare, takalminsa ma na roba ne. Kwamiti ya zauna, kafin shayi na biyu ya nuna an gama. Ɗan dattijo aka ɗauka. Na tambayi ɗaya daga cikin dattawan dalili, sai ya ce mini: "Ɗana, yaron nan gabanmu anka haife shi, mun san gidansu. Kuma ka ji yadda yake magana." Na ce: "Baba, an tambayi inda ya zauna can?" Ya dube ni kamar na zagi wani.

Damanar nan mu matasa muka yi gonar gyaɗa, muka tara jikka 300 don a sake kwanon rufin ɗakin makarantar Lahadi. Muka ba sabon shugabanmu. Yau wata takwas ke nan, ba kwano, ba kuɗɗi, ba takarda ko ɗaya. Da muka yi magana aka ce mu rufa wa juna asiri, kada na waje su ji. Na waje kuwa sun riga mu ji, don mai butikin bakin hanya yana bin mutumin bashi tun watan da ya iso. Da kwamiti ya taka ƙafa goma ya tambaye shi, da ya faɗa masu kyauta.

Laifin saurayin nasa ne, amma da kwamiti nike. Abu uku suka duba: gida, takarda, murya. Ba ɗaya cikin ukun da ke nuna ko mutum zai riƙe amana.

Abin mamaki, littafin da muke ɗauka kowace Lahadi bai bar mu cikin duhu ba. A sura ta 3 ta wasiƙarsa ta farko zuwa ga Timoti, Bulus ya jera halayen da ake nema ga mai kula da ikkilisiya. Ku je ku ƙirga da kanku. Ɗaya tak ne ya shafi gwaninta, wato iya koyarwa. Sauran duk hali ne: kamun kai, karɓar baƙi, nisantar giya da faɗa da son kuɗɗi, iya riƙon iyali, kada ya zama sabon tuba. Ya rufe jerin da abin da muke tsallakewa kullum, cewa sai mutanen waje ma sun yi masa kyakkyawar shaida. Wato ra'ayin mai butiki yana cikin sharuɗɗan tun asali.

A Nijar kuwa wanga sharaɗi shi ne garkuwarmu. Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Tun da ƴan mishan na SIM suka sauka Damagaram a 1924, suka zo Tsibiri daga baya, abin da ya sa Bahaushen ƙauye ya san sunan Kirista da alheri shi ne asibitin Galmi da aka buɗe a 1950, da wankin gyambon kutare a Danja. Da hannu aka gina sunan nan, shekara da shekaru. Mun kuma ga ranar 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da washegari a Yamai, yadda aka ƙone majami'u, mun ga an sake a Maraɗi a watan Yuni 2019. Wanda ya sa wuta shi ke da alhakin wutarsa, ba na ɗora wa kowa. Amma ƙanwar uwata da ƴaƴanta a gidan maƙwabcinsu Musulmi suka kwana uku a wancan lokaci, don mijinta mai bishara ne da bai taɓa cin haƙƙin kowa ba a unguwar, ana suna yana nan, ana jana'iza yana nan. Ma'aikacin da ke cin bashi yana ɓuya, wannan garkuwa yake hudawa, kuma ba shi kaɗai ruwa zai doka ba.

Don haka ga abin da nike so a duba. A fara da kuɗɗi, ba kunya. Wa ya taɓa ba shi ajiya, kuma ya mayar cif? Yana yarda a ƙirga baiko gaban mutum biyu a rubuta cikin kaye? Wanda ya ji haushin wannan tambaya ya riga ya ba da amsa. Bulus da kansa, lokacin da aka tara gudummawa don matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauke ta shi kaɗai ba, ya so ikkilisiyoyi su zaɓi waɗanda za su raka ta, don kada a sami abin zargi. Yana nan a sura ta 8 ta Korintiyawa ta biyu. In manzo ya nemi shaidu, wane ne wane da zai ce a yarda da shi kurum?

Sai gida. A ji ta bakin matarsa ita kaɗai, ba gaban mijin ba, kuma mata su tambaye ta. Zumuntar mata ta san abin da kwamitin maza bai sani ba: wa ke duka, wa ke tare ƴan matan ƙungiyar mawaƙa bayan an tashi. Mutumin da za a ba yara da ƴan mata ya koyar, rashin bincikensa cin amanar iyaye ne. Amma sau nawa kuka ga an kira mace ɗaya ta zauna wurin zaɓen?

Sai harshe. Ni ɗan lakkwal ne, ba na gaba da ilimi, kuma ina so fastocinmu su yi karatu mai zurfi. Amma tsohuwar da ke zaune a tabarmar baya ba ta jin faransanci. Littafi Mai Tsarki cikakke yana cikin Hausa tun 1932. Wanda bai iya sauko da abin da ya karanta zuwa harshen da ake jajanta wa mai takaba da shi ba, iliminsa na cikin jaka ne. A ba shi aji na yara ƴan shekara bakwai, a tsaya a baya a gani. A aike shi gaida marar lafiya a ƙauye cikin zafin bazara, a ga ko zai je in ba a ba shi kuɗin mai ba.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce aikin Allah kira ne, ba a yi masa bincike kamar ɗaukar ɗan sanda. To, kira tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ba na gani. Makulli da akwatin baiko da ƴaƴanmu kuwa mu ke bayarwa, mu za a tambaya. A sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni, da aka yi gunaguni kan rabon abincin gwauraye, manzanni jama'a suka sa ta zaɓo mutum bakwai da aka shaida. Rabon tuwo ke nan, sai da aka nemi shaida. Za a kuma ce ɗan gida ya fi baƙo. Ku tuna ƴaƴan Eli a littafin Sama'ila, su ma a gidan firist aka haife su. Albasa ba ta yin halin ruwa dole.

Gaskiya ɗaya kuma ta rage, wadda ba ta yi wa mu ƴan benci daɗi. Ikkilisiyar da ke ɗaukar mutum ba yarjejeniya a rubuce, ta bar shi wata uku ba albashi, sannan ta aje masa akwatin baiko a ɗaki, ita ma tana da hannu. Ba a ba kura ajiyar nama, amma ba a kuma sa ɗan adam yunwa har ya koma kura. A faɗa masa aikinsa, da abin da za a biya shi, da ranar biya, da wanda zai duba lissafinsa. A gwada shi wata shida kafin a tabbatar.

Ku matasa, mun fi kowa yawa a kowace majami'a, amma ba mu da kujera inda ake zaɓe. Ku nemi kujerar cikin ladabi, kada ku fasa nema. Mai bisharan nan mai takalmin roba ya koma ƙauyensa, na ji har yanzu shi mutanen garin ke ba ajiyar kuɗɗin asusunsu, alhali ba addininsu ɗaya ba. Mu kuwa damana na tafe, ɗakin yara na yoyo. Ranar Lahadi mai zuwa bayan sujada zan sake ɗaga hannu in tambayi jikka 300 ɗinmu, kuma ina so in waiwaya in ga ba ni kaɗai ba ne.